Yadda ake aiwatar da sabon tsari a jami'a ba tare da ya mutu cikin fayil ba

Wannan rubutun na yi shi ne don wanda aka ɗora ma nauyin aiwatar da wani sabon tsari a jami'a, ko kai shugaban sashe ne, ko shugaban tsangaya, ko kuma an saka ki cikin kwamiti an ce ku je ku tabbatar abin da majalisar jami'a ta zartar ya fara aiki. Mu nan jihar Katsina abin ya shafe mu sosai don jami'o'in namu duk ba su tsufa ba, Al-Qalam 2005, jami'ar Umaru Musa Yar'adua 2006, ta tarayya da ke Dutsin-Ma 2011, ga kuma ta sufuri a Daura da ba ta daɗe da fara ɗaukar ɗalibai ba. Makarantar da ke kan girma kuwa kullum cikin canji take, yau an raba tsangaya gida biyu, gobe an buɗe sabon sashe, jibi takarda ta iso daga Abuja an ce a sake manhaja ko a sake yadda ake biyan albashi. Kuma abin da nike so ka riƙe tun daga nan shi ne, tsari komai kyanshi a takarda, a teburin ƙaramin ma'aikaci yake rayuwa ko ya mutu, wurin jami'in jarabawa na sashe, da malamin da ke kula da aji, da akawun da ke ofishin rijista, da yaron nan na sashen kwamfuta da kowa ke kira in fotal ya ƙi buɗewa. In waɗannan ba su gane ba, ko sun gane amma ba su da kayan aiki, to sa hannun shugaban jami'a ba zai motsa komai ba.

Toh abin farko, kafin ka rubuta sakula ko guda, tashi ka bi hanyar da takardar za ta bi da ƙafarka. Ɗauki ɗalibi ɗaya a ranka, ka ce yaron nan daga Mai'adua ya zo ko daga Jibia, ya biya kuɗin mota, yana da yini guda ya gama ya koma. Ina zai fara zuwa? Wa zai sa mashi hannu? In mai sa hannun yana lakca ko ya tafi mitin wa ke madadinshi? Daga nan sai ina? Ka rubuta kowane tebur da ya tsaya, da sunan muƙamin wanda ke zaune a wurin. Wallahi sau da yawa a nan za ka ga tsarin da aka ce zai rage wahala ya ƙara tebur ukku a kan na da, ko ka ga an ce a cike fom a intanet amma kuma har yanzu ana so a buga shi a takarda a zagaya da shi ofis-ofis ana neman hatimi, kenan aiki biyu aka haɗa ma yaro. Wannan jerin teburan da ka rubuta shi ne ainihin mutanen da za ka yi aiki da su.

Sai ka zauna da su, kuma ka zauna da su tun abin yana ɗanye, lokacin da in sun ce wannan ba zai yiwu ba ana iya gyarawa. Akwai bambanci tsakanin shawara da sanarwa kuma ma'aikata sun san bambancin sarai, in ka tara mutane bayan an gama komai ka ce kana neman ra'ayinsu, za su sha lemo su yi maka addu'a su watse, kowa ya koma yana yin yadda ya saba. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Dubi abin da ya faru da IPPIS. A 2019 gwamnatin tarayya ta matsa a saka ma'aikatan jami'o'inta cikin wannan tsarin biyan albashi, manufar kuma ba mummuna ba ce, ana so a toshe ma'aikatan bogi ne. Amma ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta ce tsarin bai san yadda jami'a ke aiki ba, bai san malamin da ya tafi hutun shekara na bincike a wata jami'a ba, bai san malami mai ziyara ba, bai san alawus ɗin da suka keɓanta da aikin koyarwa ba, har suka fito da nasu mai suna UTAS. Maganar nan tana cikin abubuwan da suka ja yajin aikin 2020 da ya kai wata tara, da na 2022 da aka fara 14 ga Fabrairu aka janye 14 ga Oktoba, sannan a Disambar 2023 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a cire jami'o'i daga ciki. Shekara huɗu ana ja, ɗalibai na zaune gida, a kan tambayoyin da za a iya yi tun ranar farko. Kai naka tsarin ƙarami ne a kan wannan amma ciwon iri ɗaya ne. Kuma kar ka tsaya kan ASUU kawai, akwai ƙungiyoyin sauran ma'aikatan jami'a, SSANU da NASU da NAAT, su ne ke riƙe da ofisoshi da ɗakunan gwaji, a kira shugabanninsu na reshe a yi masu bayani ido da ido kafin su ji a bakin wani, haka ma ƙungiyar ɗalibai.

In an zo rubuta sanarwar, don Allah a taƙaita. Shafi ɗaya ya isa: me ya canza, daga yaushe, wa ya shafa, wa bai shafa ba, me ake so kowa ya yi, in an samu matsala wane ofis za a je kuma ƙarfe nawa ake samun mutum a ciki. Dogon turancin da ya ƙunshi tarihin kwamiti da lambar zaman majalisa a bar shi cikin fayil don masu bukata. Sannan a tuna ba kowa ke karanta sakula ba, masinja da direba da mai gadi da masu shara duk ma'aikatan jami'a ne, in canjin ya taɓa su, misali sabon tsarin sa hannun zuwa aiki ko katin shaida a bakin get, a tara su a yi masu bayani da Hausa, a bar su su yi tambaya. Mai gadin da bai gane dokar ba shi ne zai hana wanda ya kamata ya shiga ya bar wanda bai kamata ba, kuma ba laifinshi ba ne. Ɗalibai kuwa ta WhatsApp labari ke isar masu, in ba ka ba wakilan aji sahihin bayani da wuri ba to jita-jita za ta riga ka, kafin azahar an ce an ƙara kuɗin makaranta alhali ba a ƙara ko sisi ba.

Yanzu ga inda nike so in daɗe, don nan ne aka fi cutar da yara ba da niyya ba: waɗanda canjin ya tarar a tsakiyar hanya. Duk mai tsara sabon abu hankalinshi na kan sabbin shiga, yana mantawa akwai dubban da suka fara da tsohon tsari kuma ba su gama ba. Misali mafi kusa shi ne manhajar CCMAS da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a Disambar 2022 don ta maye gurbin tsohuwar manhaja ta BMAS, inda hukumar ta tsara kashi 70 na abin da za a koyar ta bar ma kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita, aka ce a fara da zangon karatu na 2023/2024. ASUU ta yi suka a lokacin tana cewa an shiga hurumin majalisar jami'a, wannan muhawara ce mai zaman kanta. Amma kai da ke sashe, tambayar da ke gabanka ita ce: yarinyar da ta shigo da tsohuwar manhaja, ta faɗi kwas ɗaya a aji ɗaya, yanzu tana aji ukku tana so ta sake shi, kwas ɗin kuma an canza mashi lamba, ko an rage mashi yunit daga ukku zuwa biyu, ko an haɗe shi da wani, ko ma an cire shi gaba ɗaya, me za ta yi rijista da shi? Wa zai koyar da ita? In ta ci, da wace lamba za a shigar da sakamakon, kuma yunit ɗinta zai cika ta kammala ko za a ce saura ɗaya ta ƙara shekara?

Na taɓa ganin jami'in jarabawa zaune bayan isha'i da laftof ɗinshi da fitilar waya, ga tulin takardun sakamako gefe an ɗaure da roba, yana shigar da maki fotal na mayar mashi da jan rubutu wai babu wannan kwas ɗin, saboda an goge tsohuwar lambar daga na'ura alhali akwai masu kariyoba da suka zauna jarabawar da ita. Ya kira na sashen kwamfuta, shi kuma ya ce ba a ba shi umarnin ya bar tsofaffin lambobi ba. Dukkansu biyu suna da gaskiya, kuma yaran ne sunansu bai fita ba a jerin masu kammalawa.

Maganin wannan ba shi da wuya, zama kawai yake so. Kowane sashe ya yi jadawali mai layi biyu, tsohon kwas a hagu, wanda ya maye gurbinshi a dama, da yunit ɗin kowane, inda babu madadi a rubuta ƙarara abin da ɗalibi zai yi. A kai shi hukumar tsangaya, a kai majalisar jami'a ta amince don ya zama doka ba ra'ayin shugaban sashe na yanzu ba, a ba sashen kwamfuta kwafi, a manna a allon sanarwa, a ba kowane malami mai kula da aji. Sannan a rubuta ranar da tsohon tsari zai rufe gaba ɗaya, a lissafa har da masu ƙarin shekara, kar a rufe shi ranar da ajin ƙarshe na tsohuwar manhaja ya fita don akwai waɗanda za su rage. Wannan ƙa'idar ta wuce manhaja, ko tsarin ƙarin girma na ma'aikata aka canza sai a tambaya, wanda ya riga ya miƙa takardunshi da tsohon sharaɗi fa? In tsangaya aka raba, fayilolin tsofaffin ɗalibai wane ofis za su zauna, wa zai sa hannu in wani ya dawo neman takardar sakamako bayan shekara goma? Kashi 30 ɗin nan ma da aka bar ma jami'o'i, ni a ganina dama ce babba da bai kamata a cike ta da kwafe-kwafen abin da wata jami'a ta rubuta ba, mu da ke bakin iyaka da Nijar, ga kasuwancin ƙetare, ga noman rani, ga kwararowar hamada, ga tarihin Gobarau da Kusugu, akwai abin koyarwa da ya fi dacewa da yaranmu in an zauna an yi tunani.

Lokaci kuma a duba shi da kyau. Kar a canza doka ana tsakiyar semesta, kar a sake fotal ana saura sati a rufe rijista, kar a fito da sabon tsarin jarabawa bayan an manna jadawali. Mafi kyau a sanar a wannan zangon a fara a mai zuwa. A duba kalanda ta gida ma, azumi da hutun sallah da lokacin da ma'aikata ke tafiya aikin hajji, da damina da wasu ɗaliban ke komawa gona a ƙarshen mako, da halin hanya, don akwai yaran da iyayensu ba su yarda su kama hanya da yamma saboda tsaro, in ka ce kowa ya zo da kanshi cikin kwana biyu ka san akwai waɗanda ka cire.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a son yi a mitin amma ita ce gaskiyar magana. Fara tsari babu kayan aiki kamar binne ne, ka zuba iri a busasshiyar ƙasa kana jiran ruwa, in ruwan ya yi jinkiri iri ya tafi a banza. Kafin ka sa ranar farawa ka zauna da ofishin ma'aji ku lissafa: kwamfuta nawa ake bukata, wa zai sayi data, in babu wuta akwai sola ko man janareto, takarda da tawadar firinta fa, horon ma'aikata nawa zai ci. Tun da aka tilasta asusun bai ɗaya na TSA a 2015 kuɗin jami'o'in tarayya ta Remita suke bi, fitar da kuɗi na da matakai, hukumar TETFund mai tallafa ma manyan makarantu da kuɗi kuma tana da nata layukan da ba a karkatar da su yadda aka ga dama, don haka kar ka ɗauka in ka rubuta yau gobe za a ba ka. In kuɗin bai kai a yi duka ba, a rage girman abin a yi wanda za a iya. Abin da ke kashe zuciyar ma'aikaci shi ne a ƙara mashi aiki a ce ya yi da wayarshi da datarshi, a yi mashi alkawarin alawus shekara ta zagayo bai gani ba, gobe in ka zo da wani sabon abu ko kallonka ba zai yi ba. Horon ma a yi na gaske, kowa da kwamfuta gabanshi yana gwadawa da hannunshi, kuma wanda zai yi aikin shi za a tura, ba oganshi ba.

In da hali a gwada a tsangaya ɗaya tukun, semesta guda, tsohon tsari na gefe bai rufe ba. Kurakuran da za su fito a wurin mutum ɗari ukku sun fi sauƙin gyara a kan na mutum dubu goma sha.

A ba mutum ɗaya amanar abin, da sunanshi da ofishinshi, kuma a ba shi ikon yanke ƙananan hukunci ba sai ya jira zaman kwamiti ba. Kwamitin mutum ashirin yana da amfani wurin shawara, amma in abu ya lalace cikinsu babu wanda za a tambaya. Wanda aka ba kuma ya zama mai sauƙin samu, mai ɗaga waya, wanda ƙaramin ma'aikaci ba ya jin tsoron ce mashi ranka ya daɗe wannan fa ba ya aiki.

Sannan alfarma. Wannan ita ce ke cin tsari a garinmu fiye da rashin kuɗi, kuma dukkanmu mun sani. An ce an rufe rijista ranar Juma'a, Litinin sai ga waya daga babban mutum, ɗan wane ne a taimaka. An ce sai mai kashi 75 na halartar aji zai shiga jarabawa, sai a ɗaga ma wasu ƙafa a hana wasu. Daga ranar da akawu ya ga oga da kanshi ya karya dokar, shikenan ta zama ta marasa gata, shi ma zai fara yi ma nashi. Ban ce a zama marasa tausayi ba, akwai uzuri na gaskiya, rashin lafiya, rasuwa, haihuwa, matsalar hanya. Abin yi shi ne a rubuta uzurin cikin dokar tun farko, a faɗi wa ke da ikon amincewa da irin shaidar da za a kawo, ta yadda ɗiyar manomi daga Baure za ta samu sassaucin da ɗan kwamishina zai samu ta ƙofa ɗaya. Shugabanni kuma su fara bin dokar a kan kansu, in an ce a miƙa sakamako cikin wa'adi to farfesa ya riga mataimakin lakcara miƙawa.

Bayan an fara kar a koma ofis a jira rahoton ƙarshen shekara. Satin farko da na biyu a riƙa zagayawa, a tsaya bayan layi a ji me yara ke cewa, a ajiye littafi ɗaya ko lamba ɗaya ta karɓar koke, duk yamma a duba wace matsala ce ta fi maimaituwa. In mutum talatin sun yi kuskure iri ɗaya to bayanin ne bai fita ba, a gyara shi. Dubi bashin karatu na NELFUND da aka buɗe fotal ɗinshi a Mayun 2024, ɗalibi na bukatar lambar JAMB da NIN da BVN, makaranta kuma ita ke tura bayanan ɗalibanta kafin su iya nema. A wurinmu inda ake yawan tuntuɓe shi ne suna, wuri ɗaya an rubuta Muhammad wani wurin Mohammed, nan sunan uba ne a ƙarshe can sunan gari, ranar haihuwa ta bambanta, yaro ya yi ta zarya tsakanin kafe da banki da ofis bai san inda matsalar take ba. Makarantar da ta zaunar da mutum biyu a tebur guda suna duba bayanan nan tare da ɗalibi kafin a tura ta rage ma kanta da yaran wahalar watanni. Irin wannan ƙaramin gyaran ba ya fitowa sai an saurara. Kuma in an gyara a sanar cewa an gyara saboda koken da aka kawo, mutane na ƙara kawo gaskiya in sun ga ana amfani da ita.

A sa ranar da za a dawo a duba tsarin gaba ɗaya, bayan semesta ɗaya ko shekara, da ƴan alƙaluma masu sauƙi da kowa zai gane: kwana nawa sakamako ke ɗauka kafin ya fita da da yanzu, mutum nawa suka kasa rijista cikin wa'adi, koke nawa aka kawo nawa aka warware. In wani sashe na dokar ya ƙi aiki a koma majalisa a gyara shi a rubuce, kar a bar shi a takarda ana yin wani abu daban a ƙasa, don ranar da rigima ta tashi takardar za a ɗauko.

Na ƙarshe, a rubuta komai don wanda zai gaje ka. Shugaban jami'ar tarayya wa'adi ɗaya yake yi na shekara biyar, shugabannin sashe da na tsangaya nasu bai kai haka ba, jami'in jarabawa kuwa ana iya canza shi kowane lokaci ko ya tafi ƙaro karatu. In duk sanin yadda abin ke tafiya yana kan mutum ɗaya da laftof ɗinshi, ranar da ya tafi an koma farko. A buɗe fayil a sashe, na takarda da na kwamfuta, a saka amincewar majalisa, da jadawalin tsofaffi da sabbin kwasa-kwasai, da matakan aiki ɗaya bayan ɗaya, da matsalolin da aka ci karo da su da yadda aka warware kowace, da jerin ɗaliban da har yanzu ke kan tsohon tsari da abin da ya rage ma kowannensu. Ranar miƙa aiki a zauna da sabon mutum a bi fayil ɗin shafi-shafi, su sa hannu su biyu, a kai kwafi ofishin shugaban tsangaya.